Kalmomi Goma a Aljihun Riga

Takarda ce guda, na ninke ta huɗu,
tana aljihuna tare da kuɗin fetur.
Kalmomi goma Malam Ɗanlami ya rubuta ranar Laraba,
ya ce, kowacce ku nemo mata mutum,
kalmar da ba ta da mutum ba ta daɗewa.

Da asuba na tayar da inji a bakin kanal,
ruwan Tiga na bin kwami yana shiga tumatir,
ni kuma na tsuguna kan kunya ina haddacewa.

Ta farko, helful.
Harshena ya yi tuntuɓe a tsakiyarta,
akwai wani harafi can da bakina ke haɗiyewa.
Mai taimako ke nan, in ji Malam.
To ai Ilu ne, mai faci a gindin darbejiya,
da ya ga sarƙar kekena ta tsinke a hanyar Kura
ya ajiye kokon da yake sha, ya ɗaura ta,
na miƙa naira ɗari,
ya ce rana na yi, ka yi ta wucewa.

Ta biyu, janaras.
Wannan ƙarar tsabar kuɗi take yi a kwano.
Na ba Gwaggo Tasalla,
wadda ba ta taɓa shafe bakin mudu ba.
In na sayi gero sai ta ƙara tafi biyu
ta ce na kaji ne,
alhali ta san kajinmu tun bara suka ƙare da mutuwa.

Feshant kuwa Malam na ba, bai sani ba.
Sau biyu Turanci na kayar da ni a jarrabawa,
sau biyu yana matsa mini gefen benci
kamar jiya na fara zuwa.

Sai doguwar nan, inkarejin,
da na yi kwana uku ina taunawa.
Malam ya ce asalinta daga zuciya ne,
can suke zuba wa mutum ƙarfi.
Mu kuwa gwiwa muke ƙarfafawa,
don mun san wanda ya faɗi a gona
ba da ƙirji yake miƙewa ba,
da gwiwa yake dafawa.
Na ba Hansatu, ƙanwata mai shekara bakwai.
Takan riƙe takardar kai a ƙasa
ta ce, to faɗi na gaba,
ko na yi daidai ko na yi shirme
ita dai tana tafawa.

Guda tara sun sami masauki, ta goman ma ta samu.
Saura Kawu Barau.

Bai taɓa ce mini sannu ba.
Baturen tumatir yake kira na a gaban mutane,
sakarai in muna mu biyu.
Amma da lokacin rajista ya zo
buhu biyu na shinkafa ya fitar
tun kafin farashi ya tashi,
ya ƙunshe kuɗin a ledar taki, ya jefo mini,
ya ce, in ka sake faɗuwa
kar in ga ƙafarka a ƙofata.
Ya juya yana tari, bai tsaya jin godiya ba,
ni ma bakina ya kasa buɗewa.

Na gwada masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya,
kamar hular aro, duk suna zamewa.
Na kai wa Malam.
Ya buɗe ƙamus, ya lashi yatsa, ya yi ta juyawa,
can ya rufe.
Ya ce, watakila su ma suna da irinsa,
sai dai ba su sa shi a darasin bana ba.

Yau a ƙasan ta goma
na ja layi da biro mai yoyo,
na rubuta sha ɗaya, na rubuta Barau,
ban sa fassara ba.
Ina ɗago kai, ashe ruwa ya karya kunya
ya nufi albasar maƙwabci.
Na soke takardar a hula,
na suri fartanya ina rugawa.